Château de Beaucastel: tambayoyi da amsoshi kan gonar inabin gidan Perrin a kudancin Faransa

Château de Beaucastel gonar inabi ce da ke hannun gida ɗaya tun 1909. Giyar inabi take fitarwa, mai barasa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan yadda ake noman, yadda ake sarrafa inabin, da abin da ke sa girbin bana ya bambanta da na bara.

A ina gonar take, kuma nawa ne girmanta?

Tana wajen garin Courthézon, a jihar Vaucluse, tsakanin Orange da Avignon, gabas da kogin Rhône. Faɗinta kusan hekta 130 ne, amma wajen hekta 100 ne ke ɗauke da inabi a lokaci guda, saura ana barinsa ya huta kafin a sake dashe. Kimanin hekta 70 na cikin Châteauneuf-du-Pape, sanannen yankin giya da doka ta kare sunansa. Sauran 30 ɗin suna ƙetaren babbar hanyar A7, a waje da iyakar yankin, don haka doka ba ta yarda a rubuta musu wannan suna ba. Ana sayar da giyarsu da sunan Coudoulet de Beaucastel a ajin Côtes du Rhône, sunan gama-gari na giyar kwarin Rhône, a farashin da bai kai rabin na giyar Châteauneuf-du-Pape ta gidan ba, alhali ma'aikata ɗaya ne ke nome su kuma ƙasar ba ta da wani nisa da juna.

Su wane ne masu gonar?

Sunan ya samo asali ne daga dangin Beaucastel, waɗanda suka sayi fili a wurin a 1549. Gidan da ke riƙe da ita yanzu ya shigo a 1909, lokacin da Pierre Tramier ya saye ta. Daga shi ta koma hannun surukinsa Pierre Perrin, sai ɗansa Jacques Perrin, wanda shi ya shimfiɗa tsarin da ake bi har yau. Da ya rasu a 1978, 'ya'yansa Jean-Pierre da François suka karɓa. Yanzu 'ya'yan waɗannan biyun ne ke tafiyar da yawancin aiki, zuriya ta biyar ke nan.

Waɗanne dokoki ne ke kan mai son rubuta Châteauneuf-du-Pape a kwalbarsa?

Manoman yankin da kansu suka fara rubuta ƙa'idojin a 1923, ƙarƙashin jagorancin Baron Le Roy na Château Fortia, gwamnati kuma ta mai da su doka a 1936. Yankin bai wuce hekta 3,200 da ɗoriya ba, a ƙasar garuruwa biyar.

Dole a tsinke inabi da hannu, ba da inji ba. Dole a tsince shi, a ware ruɓaɓɓe da wanda bai nuna ba. Barasa kada ta gaza kashi 12.5 cikin 100. Ja da fari kawai aka yarda, ban da mai ruwan hoda. Ban ruwa ma an taƙaita shi ƙwarai.

Wadda ta fi ciwo ita ce iyakar amfani: lita 3,500 a hekta, wato kwalba 4,600 da 'yan kai. A gonar da ke da kuringa wajen 3,000 a hekta, kason kowace kuringa wajen kwalba ɗaya da rabi ne kawai a shekara. A Beaucastel ma sau da yawa ba a kaiwa wannan iyaka, don tsofaffin kuringogi ba sa yawan 'ya'ya.

Me ya sa suke noma irin inabi har 13, alhali maƙwabta da yawa uku ko huɗu ya ishe su?

Nan ne asirin gidan yake. Tsohuwar dokar yankin ta halatta iri 13: Grenache, Mourvèdre, Syrah, Cinsault, Counoise, Vaccarèse, Muscardin, Terret Noir, Picpoul, Picardan, Clairette, Bourboulenc da Roussanne. Tun 2009 ana ƙirga su 18, saboda an ware farare da jajaye na iri ɗaya. Yawancin gonaki Grenache ne ke cin kashi 70 ko 80 na haɗinsu. Beaucastel na noma duka 13 ɗin, kuma haɗin jar giyarta yakan tsaya kusan haka: Mourvèdre kashi 30, Grenache kashi 30, Syrah da Counoise wajen kashi 10 kowanne, Cinsault kashi 5, ragowar kuma ƙananan iri, har da ɗan fari. Lissafin yana motsawa kowace shekara.

Kowane iri da aikinsa. Grenache na kawo zaƙi da jiki da barasa, amma launinsa ba shi da ƙarfi, kuma iska na saurin tsufar da shi. Syrah na kawo duhun launi. Cinsault manyan 'ya'ya gare shi masu ruwa, yana sassauta haɗin. Counoise, wanda gidan ke ji da shi fiye da kowa a yankin, yana da ɗan yaji da tsami, barasarsa kaɗan ce, shi ke rage wa Grenache nauyi.

Ga manomi kuwa, amfanin ya wuce ɗanɗano. Irin nan ba rana ɗaya suke fure ba, ba rana ɗaya suke nuna ba. Syrah kan shiga kwando tun farkon Satumba, wani lokacin ƙarshen Agusta, Mourvèdre da Counoise kuwa sai an shiga Oktoba. Sanyin da ya kama Grenache yana fure ya zubar masa da 'ya'ya bai sami Mourvèdre a wannan hali ba. Ruwan da ya sauka ƙarshen Satumba ya tarar an riga an kwashe Syrah. Wahalarsa ita ce girbi na jan mako shida ko fiye, kuma kowane iri na buƙatar tankinsa.

Me ya sa ake yawan ambaton Mourvèdre idan ana maganar wannan gida?

Domin Jacques Perrin ya dasa shi da yawa a lokacin da kusan kowa ya guje shi. A shekarun 1860 wani ƙwaro mai suna phylloxera, wanda ke cin saiwa, ya ɓulla a ƙauyukan da ke ƙetaren kogin, ya kashe gonakin Faransa. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin Turai aure a kan saiwar inabin Amurka. Mourvèdre bai karɓi auren da kyau ba a kan saiwoyin farko, ga jinkirin nuna, sai manoma suka koma Grenache.

Abin da Jacques Perrin ya gani a cikinsa shi ne kaurin fata. A fatar ne bauri yake, irin sinadarin da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jeme fata da shi. Wannan baurin ke riƙe giya shekara 20 ko 30 ba ta lalace ba, kuma yana kare Grenache daga iska. Aibinsa shi ne idan bai sami isasshiyar iska ba lokacin sarrafawa yakan yi wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, idan kuma aka tsinke shi bai gama nuna ba baurinsa ba ya ladabtuwa ko an shekara nawa.

Gaskiya ne a kan duwatsu inabin ke tsiro?

Saman gonar duwatsu ne masu sulɓi, wasu kamar dunƙulen hannu wasu sun fi haka, waɗanda tsohon kogin ya gangaro da su daga tsaunukan Alps. Suna shan rana su riƙe zafi har dare, suna kuma hana ƙasa bushewa. Amma saiwar ba a dutse take ba. A ƙarƙashi akwai jan yumɓu mai riƙe ruwan damina, shi ke ciyar da kuringa a watannin Yuli da Agusta da ba a cika samun ruwa ba. Garma kuwa tana shan wuya a wurin.

Sai iskar mistral, busasshiya mai sanyi da ke bin kwarin Rhône daga arewa, fiye da kwana 100 a shekara. Tana busar da ganye bayan ruwa, ta rage cuta. Tana kuma karya sabbin rassa, shi ya sa ake datse yawancin kuringogin su zauna gajeru, dab da ƙasa, ba tare da waya ba.

An ce ba sa amfani da magungunan zamani. To da me suke kare gonar?

Gidan ya ce ya daina maganin kashe ciyawa da takin zamani tun 1950, ya kuma shiga tsarin biodynamie, wato noma da taki da magungunan tsirrai ana bin kalandar wata, a 1974. Ciyawa da garma ake cire ta, taki kuwa na dabbobi ne da ragowar matsar inabi.

Amma kada a ɗauka ba a feshi. Cututtukan funfuna biyu ne ke addabar inabi. Ɗaya farar hoda ce a kan ganye da 'ya'ya, ana tare ta da farar wuta. Ɗayar tana zuwa da danshi, ta fara da tabo kamar na mai a ganye, ta ƙare da busar da nonon inabin. Ita sai maganin tagulla. Matsalar tagulla biyu ce: ruwa na wanke ta, sai an sake fesawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi, ga shi tana taruwa a ƙasa ta cutar da tsutsotsin da ke gyara ƙasar. Tun 2019 Tarayyar Turai ta sa iyakar kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai, wato kilo 4 a shekara. A shekara mai yawan ruwa, mai irin wannan noma yakan ga cutar na cin gonarsa alhali kasonsa ya kusa ƙarewa, ko ƙasa ta jiƙe tarakta ba ta shiga.

Daga tsinka zuwa kwalba, waɗanne matakai ake bi?

Ana tsinkewa da almakashi, a tsince, a cire yawancin sandunan nonon don kada su ƙara ɗaci. Kowane iri ana tsima shi shi kaɗai. Syrah da Mourvèdre, masu son iska, suna shiga manyan tankunan katako, Grenache da sauran kuma tankunan siminti masu rufin tangaran a ciki.

Yis ne ke cin sukarin ya mai da shi barasa. Kusan giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi 1 na barasa, don haka inabin da zai ba da kashi 14.5 sai ya ɗauko wajen giram 245 a lita. Aikin na haifar da zafi. Ana so ya tsaya kusan digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos. Ya haura 35, yis ya mutu, sukari ya rage, ƙwayoyin cuta su samu abinci, tankin ya kama hanyar zama binega. Fatun kan taso sama su yi ɓawo, sai a riƙa danna su ƙasa ko a ɗebo ruwan daga gindi a kwarara a kai. Idan aka bar ɓawon ya bushe, daga nan tsami ke farawa. Fata da ruwa na zama tare kusan mako biyu, sannan a tsiyaye, a matse ragowar a ajiye daban.

Bayan wannan akwai tsimuwa ta biyu, wadda ke mai da tsami mai kaifi ya zama mai laushi. Sai 'yan gidan su zauna su ɗanɗana tanki bayan tanki, su yanke shawarar haɗin shekarar. Haɗin na kwana kusan shekara ɗaya a manyan tsofaffin gangunan katako da ake kira foudre, masu cin dubban lita. Da gangan suke guje wa ƙananan sabbin ganguna ga jar giyar: babbar tsohuwar ganga na barin iska ta shiga a hankali ba tare da ta shafa wa giyar ƙanshin katako ba. An daɗe ana amfani da farin ƙwai wajen kwantar da gwiɓa kafin ɗurawa, kuma ba a cika tacewa ba.

Mene ne wannan dumama inabin da ake cewa su kaɗai ke yi?

Dabara ce ta Jacques Perrin. Inabin na bi ta cikin bututu inda ake ɗaga zafin fatarsa zuwa digiri 80 na ɗan lokaci kaɗan, sannan a sauke shi nan take zuwa wajen 20. Zafin na sa fata ta saki launi da ƙanshi, yana kuma kashe sinadaran da ke sa ruwan inabi ya yi baƙi idan ya haɗu da iska, don haka ba sai an zuba farar wuta da yawa tun farko ba. Masu suka na cewa dafa inabi ne. Ba haka ba ne, fata kawai zafin ke taɓawa, amma kuskuren lokaci kaɗan zai iya kawo ɗanɗanon dafaffen abu.

Wasu na cewa tsofaffin kwalaben Beaucastel na warin garke. Aibi ne?

An daɗe ana jayayya a kai. Akwai wani yis mai suna Brettanomyces da ke zama a tsohon katako, yana ba da warin barga ko jiƙaƙƙiyar fata. Yana jin daɗi inda farar wuta ta yi kaɗan, tsami ya yi ƙasa, kuma ba a tace ba, ga shi duk waɗannan halayen gidan ne. An fi ambaton kwalaben 1989 da 1990 a wannan batu. Masu kare gidan na cewa Mourvèdre shi kansa yana da ƙanshin nama da fata idan ya tsufa, gaskiya ne kuma, sai dai ba duka warin ba ne nasa. Kwalaben shekarun baya-bayan nan sun fi tsabta. Abin lura, wannan yis na ci gaba da aiki cikin kwalba idan ta sha zafi, shi ya sa kwalba biyu na shekara ɗaya kan bambanta.

Shekarar da ke jikin kwalba me take nufi?

Shekarar girbi ce, ba ta ɗurawa ba. Dokar Turai ta ce aƙalla kashi 85 na abin da ke ciki ya fito daga wannan shekarar.

Waɗanne shekaru ne suka yi kyau, waɗanne suka ɓaci, kuma me ya jawo?

Waɗanda masana suka fi yabawa su ne 1978, 1981, 1989, 1990, 1998, 2001, 2005, 2007, 2010, 2016 da 2019. Ta 1989 ce mujallar Wine Spectator ta Amurka ta sa a kan gaba a jerinta na 1991. Abin da ya haɗa kyawawan shekaru shi ne ƙasa ta sha ruwa a lokacin sanyi, bazara ta yi rana, darare su yi sanyi a Satumba, Oktoba ta zo a bushe har Mourvèdre ya gama nuna.

Ɓatattun sun fi koyarwa. A ranakun 8 da 9 ga Satumbar 2002 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta ci yankin ana dab da girbi, inabi ya kumbura ya fashe ya ruɓe. Gidan bai fitar da babbar jar giyarsa ba a wannan shekara. A 2003 akasin haka aka samu: zafi ya yi tsanani har kuringogi suka rufe ramukan ganyensu suka daina aiki, sukari ya hau saboda bushewa alhali 'ya'yan ciki ba su nuna ba. A 2013 da 2017 furen Grenache ya zube, amfani ya ragu sosai. A 2018 ruwan Mayu da Yuni ya kawo cutar danshi, Grenache ya fi kowa shan kashi, masu noma ba magungunan zamani kuma su suka fi asara. A Afrilun 2021 sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone sabbin tofo a yawancin Faransa.

A irin waɗannan shekaru ne ake ganin ribar iri 13. Wanda ya dogara da Grenache kaɗai ba shi da mafita, mai iri da yawa kuwa sai ya sauya haɗi.

Ban da babbar jar giyar, me kuma suke yi?

Hommage à Jacques Perrin, wadda aka fara a 1989, galibinta Mourvèdre ne daga tsofaffin kuringogi, kashi 60 ko fiye, kuma ba kowace shekara ake yinta ba. Farar giyar gidan kusan kashi 80 Roussanne ce. Akwai kuma Roussanne Vieilles Vignes, Roussanne zalla daga wani ɗan fili, wadda aka fara a 1986. Tana da wani hali: bayan shekara huɗu ko biyar takan yi duhu ta yi kamar ta lalace, sai bayan shekara goma ta dawo hayyacinta. 

Akwai wadda babu barasa a ciki? Ana cin inabin haka nan?

Babu. Barasarta kan kai kashi 14 zuwa 15, kuma doka ba ta yarda a sa sunan yankin a kan abin da ya gaza 12.5 ba. Wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi barasa, ya sani wannan giya ce cikakkiya. Inabin kansa ana iya ci, ya ma fi na kasuwa zaƙi, sai dai yawancinsa ƙanana ne, ga kaurin fata ga ƙwallaye.

Yaya gona ke zama hannun gida ɗaya fiye da shekara 100 ba a raba ta ba?

Da wuya. Dokar gado ta Faransa ta keɓe wa 'ya'ya kason da uba ba zai hana su ba: rabin dukiya idan ɗa ɗaya ne, biyu bisa uku idan biyu ne, uku bisa huɗu idan sun kai uku. Harajin gado na iya kaiwa kashi 45 bayan an cire Yuro 100,000 ga kowane ɗa. Hekta ɗaya a Châteauneuf-du-Pape kuwa ta kai wajen Yuro rabin miliyan. Gidaje da yawa sun sayar ne don su biya haraji. Masu dabara sukan zuba filin a kamfanin iyali, a raba hannun jari maimakon a yanka gona.

Gidan Perrin ya ƙara da faɗaɗa sana'a yadda kowane ɗa zai sami abin riƙewa: La Vieille Ferme mai araha da ake sayarwa a ƙasashe da yawa, gonaki a Gigondas da Vinsobres, gonar Tablas Creek a Kaliforniya da suka kafa a 1989 tare da Robert Haas, ɗan kasuwar giya na Amurka, da giyar Miraval tun girbin 2012. Gidan da ke da irin wannan kuɗin shiga shi ke iya haƙura da shekara guda kamar 2002. Sun kuma sake gina ma'ajiyar gonar da ƙasar da aka haƙa a wurin, bisa zanen Bijoy Jain na Studio Mumbai daga Indiya, inda ake jawo iskar mistral ta bi ta kan ruwan da aka tara a ƙarƙashin ƙasa ta sanyaya ginin.

Me ke lalata kwalba bayan ta bar gonar?

Zafi ne kan gaba. Ana so ta zauna a digiri 12 zuwa 14, cikin duhu, a kwance don toshiyar ta jiƙe. Kwalbar da ta yi kwanaki a kwantena ko shago mai zafin da ya haura 30 takan nuna alama: toshiya ta ɗago, ko a ga sawun ɗigo a wuya. Hawa da saukar zafi ya fi zafi mai tsayuwa illa, don ruwan na kumbura yana komawa, yana zuƙo iska ta gefen toshiya. Wani lokacin toshiyar ce da kanta ke da cuta, ta ba da warin jiƙaƙƙen kwali, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Gwiɓar da ke kwance a gindin tsohuwar kwalba ba lalacewa ba ce, bauri ne da launi suka kwanta saboda ba a tace ba.